Ni da tansiyo, wato hawan jini: abin da nike rubutawa a kaye tun watan Janairu

14 ga Janairu 2025, Talata

Yau kwana huɗu ke nan da anka fara auna ni anka ce jinina ya hau. Na yanke shawara in riƙa rubuta yadda abin ke tahiya, don tun ranar hankalina bai kwanta ba, kuma rubutun shi ke ɗan rage mani nauyin da ke cikin ƙirjina.

Ni tela ne, shekarata 46, shagona na kusa da babbar kasuwar Maradi, gidana kuma unguwar Zariya. Wallahi ba ciwo ya kai ni likita ba. Autanmu na kai ran Juma'a da zazzaɓi, muna zamne bisa banci muna jiran layi sai majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ratso, mun san juna don ni ke yi mashi ɗinki, ya ce malam tela zo in auna ka tunda ka zo. Na miƙa hannu muna hira. Ya hura abin ya saki, ya dube ni, ya ce yi shiru ka huta minti biyar mu sake. Ya sake a ɗayan hannun. 17/10.

Na ce majo ni fa lahiyata lau, ko ciwon kai ba ni yi. Ya ce ai mahi yawan masu hawan jini haka suke, ba su jin komi, shekaru shina cin ƙoda da zuciya da jijiyoyin kai a ɓoye. Ya bayyana mani lambobin: ta sama ƙarhin jini ne lokacin da zuciya ta matsa ta tura shi, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana hutawa. Abin da muke cewa 17/10 nan, shi ne 170/100 a aparai, wato abin awon jini, mai lantarki, haka kuma za ka ji ana faɗi in ka tahi Katsina ko Kano. Daga 14/9 zuwa sama, in ya maimaitu a ranaku dabam-dabam, shi ne hawan jini. Don haka bai rubuta mani komi ba ranar, ya ce in komo Asabar da Litinin. Na koma. 16/10, sannan 17/10 kuma.

Tun jiya Baba nike tunawa, Allah shi jiƙan shi. Shina alwallar la'asar buta ta suɓuce daga hannunshi na dama, ya faɗi, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Kowa ya ce iska ce ta buge shi. Munka yi rubutu, munka yi hayaƙi, munka kai shi wajen mai magani can hanyar Tibiri, shekara biyu shina kwance muna juya shi kahin Allah ya karɓi abinshi. Duk tsawon rayuwarshi ban taɓa ganin an naɗa mashi abin awo a hannu ba. Ina da ɗiya shida, babbar ba ta gama lakkol ba. Ba ni son su juya ni bisa tabarma in da yadda zan yi.

21 ga Janairu

An yi analiz. Jini don a duba ƙoda da sukari, da hitsari don a ga ko ƙoda na yoyon abin da bai kamata ba. Alhamdu lillahi duka sun hito lahiya. Nauyina kilo 88, kuma duk a tumbi shike, zaman keken ɗinki ne na shekara ashirin da wani abu.

Lokotoro ya rubuta mani amlodipine miligiram 5, ƙwaya guda kullum da sahe. Ya ce aikinta ta sassauta jijiyoyin jini su buɗe, kuma tana daɗewa cikin jiki shi ya sa sau ɗaya ta isa a yini, amma kar in sa ran ganin aikinta duka kahin sati guda ko biyu. Ya ƙara da cewa mu baƙar fata irin wanga magani da mai sa hitsari sun hi yi muna aiki in za a fara da guda. Na tambaye shi kwana nawa zan sha. Ya aje bik, ya ce malam wanga ba maganin zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a gama, riƙe jinin shike yi, ranar da ka sake shi jinin ya koma inda shike. Maganar ta yi mani nauyi ƙwarai, ban ɓoye ba.

Sai ya ce akwai wani magani da kake sha? Na ce babu, sai ƴar ƙwayar ciwon baya da nike saye wajen masu yawo da magani a tire. Ya ce kawo in gani, tana cikin aljihuna kuwa. Diclofenac. Kusan kullum nike haɗiya ɗaya ko biyu tun bara. Ya ce ita da ibuprofen da danginsu suna riƙe gishiri da ruwa cikin jiki, suna ɗaga jini, suna wahal da ƙoda, kuma suna rage ma maganin tansiyo ƙarhi. In baya ya matsa in sha paracetamol, in riƙa tashi daga keke ina miƙewa. Sauran ƙwayoyin nan na bar su.

3 ga Fabrairu

Batun tukunya. Nan ne aikin shike ashe.

An ce mani gishirin da babban mutum za shi ci a yini kar ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda, kuma lissahin ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci, ba wanda ka barbaɗa kaɗai ba. Hukumar Lahiya ta Duniya ce ta sa wanga ma'auni. Da na ji na ce ai ni ba mai cin gishiri ba ne. To ran Lahadi na zamna gindin murhu tare da uwargida, abin da ban taɓa yi ba tunda munka yi aure, na ce yi miyarki yadda kika saba ina kallo. Miyar kuka ce. Ta ɓare magi shida, ta ɗibi gishiri da hannu, ta ƙara farin magi ɗan kaɗan, ta jefa kanwa. Magin dunƙule kusan rabinshi gishiri ne, farin magi da kanwa su ma suna ɗauke da sodiyom ɗin nan da ke cikin gishiri, wanda shi ne mai ɗaga jinin. Bayan haka ni kuma in an aza tuwo sai na jawo gwangwanin yaji, shi ma magi da gishiri ne anka daka ciki. Ban lissafa na waje ba: biredin sahe, awarar ƙofar shago da yajinta, tsiren dare, kilishi in an samu, gyaɗa mai gishiri da nike watsawa baki ina yanka yadi.

Da farko ta ce za ta riƙa ɗibar mani miya daban kahin ta sa magi. Munka gwada kwana uku, na ga abin ba za shi ɗore ba, wahala biyu gare ta, ni kuma ina cin nawa ina jin ƙamshin nasu. Na ce ɗiyan ga jinina ne, abin da ya kama Baba ya kama ni su ma shina iya bin su, gara harshensu ya saba tun yanzu. Ta yi shiru, ta ce maigida mutane za su ce ban iya girki ba. Wallahi na gane damuwarta, a garin nan mace da miyarta ake auna ta, in baƙuwa ta ɗanɗana ta ji lami sai labari ya zaga unguwa. Ba abin wasa ba ne gare ta.

Munka yi yarjejeniya za a riƙa ragewa sannu sannu. Magi daga shida zuwa huɗu satin ga, farin magi an daina shi kwata-kwata, an ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da tumatir. Albasar Galmi ga ta nan banza a kasuwa, in ta soyu da kyau ita kaɗai rabin daɗin miya ce. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, da sahe shina nuna ba sai an zuba mashi kanwa ba. Gwangwanin yaji na sa anka daka mani wani, barkono da citta da kanumfari da ƙuli-ƙuli, ba gishiri.

Yara sun yi ƙorahi kwana biyu. Ni ma gaskiya tuwon bai shiga yadda ya saba.

19 ga Fabrairu

Na sayi aparai na kaina a farmasi, irin na dantse mai pil, don an ce ya hi na wuyan hannu gaskiya. Kuɗin ɗinkin manyan riguna biyu ya tahi ciki amma ban yi da-na-sani ba. Na kai ma majo ya gwada shi tare da nashi, sun yi kusa da juna.

Ashe awon ma sai an koya. Ranar farko na shigo daga rana na naɗa bisa hannun riga ina magana da yara, ya ba ni 168, gabana ya faɗi. Yadda anka nuna mani: ka yi hitsari tukuna, kar ka sha shayi ko kahe ko ka ci goro minti talatin kahin nan, ka zamna bisa kujera ka jingina baya, ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu bisa tebur daidai da zuciya, ka yi shiru minti biyar, ka auna sau biyu da tazarar minti guda. Da sahe kahin shan magani, da dare kahin kwanciya. A gida abin da ake so ya zamna ƙasa da 135/85, don mutum ya hi natsuwa a ɗakinshi.

Satin ga ina yawo tsakanin 148/92 da 155/95. Ya sauka, bai kai ba.

Tahiyar ƙasa ma na fara. Minti talatin, kwana biyar a sati, shi ne minti 150 ɗin da ake cewa. Bayan sallar asuba nike hita, in yi wajen sitad in zagayo, da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga amma ina iya amsa gaisuwa. Ɗari da ƙura sun so su hana ni, na naɗa rawani na rufe hanci. Masu kabu-kabu sai tsayawa suke, maigida moto ya lalace ne? Wani dattijo a masallacinmu ya kira ni gehe ya tambaye ni cikin mutunci ko wani abu ya samu sana'a, in da matsala in faɗa. Na gode mashi, na gaya mashi gaskiya, shi ma ya ce zai zo in auna shi.

Shayi ne ban iya bari ba. A shago butar na bisa gawayi tun hantsi har magariba, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku, a sake sabon zubi. Na rage zuwa zagaye guda bayan azahar, sukari rabi.

5 ga Maris

Azumi ya kama. Tun kahin a ga wata na je na tambaya ko zan iya ɗauka, lokotoro ya duba kayena ya ce ba laihi tunda ƙoda lau kuma jinin bai kai matakin haɗari ba, in mai da ƙwayar zuwa bayan buɗa baki, lokaci guda kullum. Ya ce in sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur, in kuma na ji jiri mai ƙarhi ko duhu ya ruhe mani ido in auna, in ya sauka ƙwarai in karya, addini bai ce mutum ya halaka kanshi ba.

Abin da na lura, azumi kanshi bai dame ni ba, faranti ne matsala. Ƙosai, soyayyen dankali, kunu mai sukari kamar zuma, jus mai sanyi, duk a zama guda. Yanzu dabino uku da ruwa, in yi salla, in sha magani, sannan kwaɗon zogale da tumatir da albasa da ƙuli, kankana in an samu. Sahur hura da nono ba sukari, ita ce ke riƙe ni har la'asar. Zoɓo uwargida na dafa mani nawa daban da citta. Na tambaya a kanshi don kowa cewa shike maganin hawan jini ne, anka ce an yi bincike an ga shina ɗan saukar da jini kaɗan, in sha abina in ba a cika shi da sukari ba, amma ba shi zama madadin ƙwaya.

Jiya da dare 144/90.

26 ga Maris

Ɗinkin salla ya taso, duk wanda ya san tela ya san goman ƙarshe. Kwana shida ban yi barcin awa huɗu a jere ba, kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa da rana sai mu rama da dare, ni da apranti uku har kiran sahur. Goro ya dawo bakina don in kore barci. Tahiyar asuba ta tsaya. Baya kamar ya tsage, yaron shago ya ce maigida in amso maka ƴar ƙwayar nan? Na daɗe ina kallon shi kahin in ce a'a, kawo paracetamol.

158/98 daren jiya. Na san dalili. Na mai da ma mutum huɗu yadinsu na ba su haƙuri, biyu sun yi hushi, ɗaya ma tsohon kiliyan ne tun ina yaron shago. Abin ya yi mani ciwo amma jikina ba shi iya ɗaukar abin da shike ɗauka da.

24 ga Afrilu

Wata guda ban rubuta komi ba, don abin da na yi ban so in rubuta shi.

Bayan salla na huta, barci ya daidaita, awo ya sauko har 138/88. Sai ƙwayoyi sunka ƙare ran 6 ga wata. Na ce gobe in saya, gobe ta zama jibi, kuɗin salla sun tahi wajen kuɗin lakkol da buhun hatsi. Can cikin raina kuma akwai wata murya mai cewa ai ka warke, ga shi ka rage gishiri, ka rage kilo uku, mi za ka yi da magani har abada. Abokan hira sunka ƙara mani, wai maganin nasara in jiki ya saba da shi ba ka rabuwa da shi, wai shina kashe ƙoda. Ran kasuwa, Litinin, na biya ta wajen wani mai lasifika, kwalba guda wai tana maganin hawan jini da sukari da basir da sanyi, sati biyu an rabu da su. Na saya. Na sha. Aparai kuma na tura shi ƙarƙashin gado don ba ni son ya gaya mani abin da ba ni son ji.

Kwana goma sha bakwai. Kuma ga abin da ya hi tsorata ni: lahiya lau nike jin kaina. Ba ciwon kai, ba jiri, ba komi, ina cin abinci ina aikina.

Babbar ɗiyata ce ta jawo aparai jiya da dare ta aje gabana, ta ce Baba tun yaushe ba ka auna ba? Ban iya yi mata gardama ba. 172/104. Na huta na sake, 169/102. Daidai inda na faro a Janairu, kamar ban taɓa yin komi ba. Ta dube ni ba ta ce uffan ba, idonta ya kawo ruwa, ita ta san labarin kakanta.

Da sahe na tahi likita da kwalbar a leda. Majo bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi ya hi mani sauƙi. Ya ce malam tela, ba maganin ke kashe ƙoda ba, hawan jinin da anka bari ne ke kashe ta, sai mutum ya zo a makare an ba shi magani ƙodar ta riga ta lalace, dangi su ce magani ne. Ya ce kuma ba sabo jiki ke yi ba, ciwon ne bai tahi ko'ina ba. Game da kwalba ya ce ba wanda ya san abin da ke ciki ko yawanshi, in bari. Ya sake jaddada mani alamun da ba a jira da su ko minti guda: ɓarin jiki ya mutu ko ya yi nauyi, baki ya karkace, magana ta sarƙe, gani ya dushe farat ɗaya, ciwon ƙirji, numfashi ya gagara, ko awo ya kai 18/12 da ɗaya daga cikinsu. Wannan babbar likita ake nufa kai tsaye, ba gidan mai hayaƙi ba.

An mai da ni bisa amlodipine, wanga karo miligiram 10. Na ba ɗiyata kayen, ita za ta riƙa rubuta lambobi. Kuɗin magani kuma na buɗe mashi gwangwani daban a shago, kowace riga na gama sai na jefa wani abu, kuma zan riƙa sayen na wata mai zuwa tun saura sati guda.

17 ga Mayu, Asabar

Da sahe a rediyo na ji yau ce ranar hawan jini ta duniya. Sun kawo rahoton Hukumar Lahiya ta Duniya na 2023: babban mutum ɗaya cikin uku a duniya na da shi, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma wajen huɗu cikin biyar ba su samun kulawar da ta isa. Ina jin haka na ɗaga kai na dubi layinmu na teloli, mun hi ashirin, duk zaman keke, duk shayi da goro. Na ɗauko aparai na kawo shago. Mutum tara sunka yarda na auna su, uku sun haura 14/9, na ce su je likita a sake dubawa don ni ba lokotoro ba ne. Ɗaya ya ce in ba shi ƙwayata guda biyu ya gwada. Na hana shi. Ba a aron maganin tansiyo, kowa da abin da ya dace da jikinshi da ƙodarshi.

Ni kuma tawa matsalar ƙafa ce. Tun farkon wata idon sawuna ke kumbura da marece, takalmi ya matse, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Ga zahi ya wuce 40, ga zaman keke ƙafa a rataye yini guda. Na tsorata na ce ko ƙoda ce. Wanga karo ban yanke ma kaina hukunci ba, na tahi na nuna. Lokotoro ya ce sananniyar illar amlodipine ce, ta hi hitowa a miligiram 10. Ya mai da ni 5 ya haɗa mani da losartan 50, ya ce ƙananan magani biyu sun hi guda babba aiki kuma sun hi sauƙin illa, mutane da yawa ma sai da biyu jininsu ke zamnawa, ba alamar ciwo ya yi muni ba ne. Bayan sati biyu in komo a sake duba ƙoda da potasiyom a jini. Ya ja mani kunne cewa losartan mai ciki ba ta shan shi sam, in ɓoye shi inda hannu ba ya kai.

12 ga Yuni

Analiz ɗin ya yi kyau, kumburi ya saɓe.

Layya ta zo ta wuce. Na ci nama, ba zan yi ƙarya ba, ranar farko hanta da gashi, kashegari ma haka. Amma da uwargida za ta yi suya ta ware mani tsoka ba kitse, ba ta yi mata wankan gishiri da magi yadda ake yi don ya daɗe ba, nawa ya shiga firigon maƙwabta. Wuyar ita ce gidajen dangi, ko'ina ka shiga a turo maka kwano, in ka ƙi a ce raini. Na koyi in ɗauki tsoka guda in yi godiya in ce ina bisa magani, abin mamaki da ka faɗi haka sai wani a wurin ya ce ai ni ma an taɓa ce mani ina da shi, amma na bari da na ji sauƙi. Gida uku na ji wagga magana. Kowane na zamna na ba shi labarin Afrilu.

Kwana uku na salla awo ya ɗaga zuwa 142/89, yanzu ya koma 134/84.

20 ga Yuli

Sati huɗu a jere tsakanin 126/80 da 133/84. Kilo 82. Wandunana duk na rage masu ƙugu. Magi biyu ke shiga tukunyar gidanmu yanzu, ran nan munka ci abincin suna a unguwa autana ya ce Baba miyar ga gishiri ya yi yawa. Uwargida ta dube ni ta yi murmushi.

Na tambaya ko tunda ya sauka za a rage magani. An ce a'a, saukar tashi shaida ce maganin na aiki, a bar shi yadda shike. Randebu ya koma wata uku-uku.

18 ga Agusta

Na je ƙauye wajen Madarumfa duba gona, hatsi ya yi kyau bana, na tahi da aparai cikin jaka. Inna ta ce mi ne ne wanga kuma? Na ce Inna kawo hannunki in gani. Ta yi ta dariya tana cewa ita da ke surhe da kanta har yau wane ciwo gare ta. 164/92. Na sake washegari da sahe kahin ta ci goronta, 160/90. Inna kullum da ƙullin kanwa a bakin zane, in ciki ya ɗan murɗa ta jiƙa ta sha, kuma ita ce mai dama ma duk mai jego a gidan kunun kanwa. Na zamna na lallashe ta, ban ce ta bari duka rana guda ba don na san ba za ta ji ba. Ta yarda za ta biyo ni Maradi ran Alhamis a duba ta, da sharaɗin in maido ta kahin Juma'a ta gaba saboda awakinta.

Yaya ne ya ƙi. Ya girme ni da shekara biyar, ya hi ni jiki, shina shan taba, kuma shi ya ɗauki Baba daga wurin alwalla ranar. Na ce Yaya don Allah minti biyar kawai. Ya ce shi ba ya neman ciwo da kuɗinshi, abin da Allah ya rubuta ba aparai ke kankare shi ba. Na ce haka ne Yaya, amma Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani kuma ya ce a nema. Ya tashi ya ɗauki hauya ya yi gona. Ban bi shi ba, ba a ja da babba gaban iyalinshi.

Da zan taho matarshi ta rako ni har bakin hanya, ta ce da dare shina yawan riƙe ƙeya, kuma kwanan baya ya ce ganinshi na yin hazo. Na bar mata aparai, na nuna ma babban ɗansu yadda ake naɗawa da yadda ake zama, na rubuta mashi lambobin da in ya gani ya kira ni ko tsakar dare ne. Ni zan riƙa zuwa wajen majo ina aunawa kahin in tara kuɗin wani. Ran Alhamis in na je ɗaukar Inna zan sake yi ma Yaya magana, wanga karo zan biya ta wajen kawu tukuna, shi kaɗai ne in ya ce zamna Yaya ke zamnawa.